Kwana 18 a Hannun Boko Haram: Yadda Rabaran Lawan Andimi Ya Tunkari Mutuwa

Ranar Alhamis, 2 ga Janairun 2020, da yamma, mayaƙan Boko Haram suka faɗa wa garin Michika da ke arewacin jihar Adamawa. Ko kwana biyu ba a cika da shiga sabuwar shekara ba, waɗanda suka zo gida bikin Kirsimeti ma wasunsu ba su koma ba. Mutanen Michika sun san karatun. Da an ji ƙarar bindiga uwa za ta saɓa goyo, kowa ya nufi duwatsu. Da ƙura ta lafa aka dawo ana duba wa ke nan, wa babu. Cikin waɗanda ba a gani ba har da Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, wato CAN, na ƙaramar hukumar Michika, kuma sakataren gunduma na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fi sani da EYN. Shekarunsa 58, ɗan asalin ƙasar Chibok ne, magidanci mai mata da 'ya'ya. Kwana 18 ya yi a hannunsu kafin su kashe shi.

Wannan rikici ya ci dubban rayuka, Musulmi da Kirista, limamai da fastoci, manoma da 'yan makaranta, kuma mafi yawansu ko sunansu bai shiga jarida ba. Dalilin da ya sa na ware wannan bawan Allah shi ne ya bar mana magana da bakinsa, a lokacin da ya san irin hannun da ya faɗa. Mu Kirista mun saba faɗa a wa'azi cewa mai bi ba ya tsoron mutuwa. Faɗar ba ta da wuya a kan mumbari, fanka na kaɗawa, ƙungiyar mawaƙa na jiran a gama su tashi. To ga mutum nan da aka gwada maganar a kansa, kuma abin da ya fito daga bakinsa ya sha bamban da yadda da yawa daga cikinmu ke zaton jarumtar bangaskiya take.

Ƙasar da abin ya faru

Michika gari ne na Kamwe, waɗanda wasu ke kira Higi, a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru. Daga nan in ka yi arewa sai Madagali, sai Gwoza a jihar Borno, dajin Sambisa kuma ba wata tazara ba ce mai yawa. A watan Satumban 2014 Boko Haram ta kama garin ta kafa tuta, ta riƙe shi wata da watanni, sai a farkon 2015 sojoji suka ƙwato shi. Waɗanda suka koma sun tarar da majami'u a ƙone, shaguna a fashe, gadoji a karye. A ƙarshen Oktoban wannan shekara ta 2014 mayaƙan suka mamaye Kwarhi, hedikwatar EYN, suka wuce Mubi har suka sauya wa garin suna. Shugabannin ikilisiyar dole suka koma Jos na wani lokaci. 'Yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun wannan shekarar, mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. A 2020 shugaban ikilisiyar na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya shaida wa manema labarai cewa sun rasa mambobi sama da 8,000 a rikicin.

Na kawo wannan ne don a gane cewa mutumin da ya karɓi aikin gunduma a Michika bayan duk wannan ya san inda ya sa ƙafa. Fasto a wannan yanki ba ya ɓuya. Kowa ya san gidansa, kowa ya san motarsa ko babur ɗinsa, shi ake kira in an yi haihuwa, shi ake kira in an yi rasuwa, kuma sunansa ne a gaba in ana neman wanda za a kama don a girgiza jama'a.

Bidiyon

Bayan kwana uku da sace shi sai bidiyo ya fito, ta hannun ɗan jarida Ahmad Salkida, wanda ya daɗe yana kawo rahoto a kan Boko Haram. Ni a wayar wani ɗan'uwa na gan shi. Mun haɗa kai mu huɗu a kan ƙaramin allo, mai wayar ya ƙure murya, muna ta ce wa yara su yi shiru. Mun riga mun ga irin waɗannan bidiyoyi a baya, mun san kamanninsu: mutum a durƙushe, ido ya faɗa, murya na rawa, yana karanto abin da aka sa shi. Shi ya sa muka shirya wa ganin abin da zai karya mana zuciya.

Sai muka ga dattijo a zaune yana magana a natse, kamar wanda ke ba da sanarwa bayan sujada. Bai yi sauri ba, bai ɗaga murya ba. Ya fara da roƙo. Ya kira abokan aikinsa fastoci, ya ambaci shugaban EYN Rabaran Joel Billi, ya nemi a yi magana da gwamnan Adamawa, Ahmadu Umaru Fintiri, da duk wanda zai iya sa baki a sake shi. Ya ce waɗanda ke riƙe da shi ba su cuce shi ba, suna ba shi abinci, sun ba shi wurin kwana da bargo. Sa'an nan ya faɗi maganganun da suka zaga duniya. Ya ce bai taɓa karaya ba, domin duk halin da mutum ya tsinci kansa a ciki a hannun Allah yake. Ya ce da alherin Allah zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa, in kuma ba a ba shi wannan dama ba, to wataƙila nufin Allah ke nan. Ya roƙi na kusa da na nesa su yi haƙuri, kada su yi kuka, kada su damu, su gode wa Allah a kan kome.

Da bidiyon ya ƙare babu wanda ya ce uffan. Can sai wata dattijuwa 'yar zumuntar mata da ke tsaye a bayanmu, wadda ba mu ma san tana saurare ba, ta ce, "'Ya'yana, Baba ya yi sallama." Mu muna jin roƙon a cece shi, ita ta ji ban kwana. Dukanmu mun ji daidai, domin abubuwan biyu suna cikin maganar.

A nan nake so mai karatu ya tsaya. Rabaran Andimi bai nuna cewa rai ba ya gabansa ba. Yana son ya koma gida, ya faɗa ƙarara, har ya kama sunan waɗanda yake ganin za su iya taimakonsa. Babu alamar mutumin da ke neman shahada ko yake gaggawar barin duniya. Amma bayan ya gama roƙon sai ya buɗe wata ƙofa da kansa, ya ce in kuma ba haka ba. Wannan 'yar gaɓa ita ce zuciyar lamarin gaba ɗaya. Mai tsoro ba ya iya furta ta, domin duk hankalinsa na kan ƙofa ɗaya. Wanda ya yanke ƙauna kuma ba ya ɓata bakinsa wajen roƙo. Shi ya riƙe biyun a numfashi guda, kuma muryarsa ba ta canza ba tsakanin na farko da na biyu.

Cinikin rai

Kwanakin da suka biyo baya na tattaunawa ne. Bishop Stephen Dami Mamza na ɗarikar Katolika ta Yola, wanda shi ne shugaban CAN na jihar Adamawa a lokacin, ya bayyana daga baya cewa masu riƙe da shi sun nemi Yuro miliyan 2. Abin da aka iya miƙa musu Naira miliyan 50 ne, suka ƙi karɓa. A canjin wancan lokaci, abin da suka nema ya ninka abin da aka samu fiye da sau goma. Duk wanda ya san yadda baikon Lahadi yake a ikilisiyar karkara, inda wata ke kawo kwanon masara, wani ya jefa Naira 50 a faranti, ya san cewa tun daga farashin an riga an rufe hanya.

Ranar Litinin, 20 ga Janairu, suka fille masa kai. Washegari Salkida ya sanar a Twitter, yana cewa akwai labaran da ba da su kansa ke ji wa mai bayarwa ciwo, kuma wannan na cikinsu.

Daga ina natsuwar ta fito

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Natsuwar da muka gani a wannan bidiyo ba a daji aka same ta ba, da ita ya shiga. Na ga wurare uku da ta samo ruwa, ko da yake ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Mafi zurfi shi ne abin da Kirista ya gaskata game da mutuwa kanta. Ɗan'uwa Musulmi da ya ji Rabaran yana cewa kome a hannun Allah yake ba zai ji baƙon abu ba, domin tawakkali da yarda da ƙaddara gado ne da duk mai jin Hausa ya tashi a ciki, kuma na ga Musulmi da yawa da suka karɓi mutuwa da natsuwar da ta ba ni kunya. Inda Kirista ke da nasa tushe na daban shi ne tashin Yesu Almasihu daga matattu. Bangaskiyarmu ta tsaya a kan cewa an gicciye shi, ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, kuma wanda ke nasa zai bi sawunsa. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa sura 15, bai ɓoye ba: in Almasihu bai tashi ba, wa'azinmu banza ne, bangaskiyarmu ma banza ce, mun kuma fi kowa zama abin tausayi. Wasiƙar Ibraniyawa sura 2 ta kira tsoron mutuwa bauta, ta ce Almasihu ya zo ne ya 'yantar da waɗanda suka yi dukan ransu a cikin wannan bauta. Mai bindiga ba shi da wani jari da ya wuce wannan tsoro. Da shi yake sa mutum ya durƙusa, ya yi ƙarya, ya sayar da maƙwabcinsa. In ya ci karo da wanda aka riga aka kwance wa wannan igiya, zai iya kashe shi, amma ba zai iya juya shi ba.

Ita kuwa wannan gaɓa ta "in kuma ba haka ba", duk yaron da ya yi makarantar Lahadi ya san inda take. A littafin Daniyel sura 3, da Sarki Nebukadnezzar ya ce zai jefa Shadrak da Meshak da Abednego cikin tanderun wuta, sun amsa masa cewa Allahn da suke bauta wa yana da ikon cetonsu, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Yesu da kansa a gonar Getsamani, daren da aka kama shi, ya roƙi Uba ya ɗauke masa wannan ƙoƙo, Luka ya ce har zufarsa na ɗiga kamar jini, sa'an nan ya ce ba nufinsa ba, na Uban za a yi. Tsarin addu'ar ɗaya ne da na bidiyon: roƙo na gaskiya, sai miƙa wuya. Shi kuwa umarnin a gode wa Allah a kan kome, daga wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa yake, sura 5 aya 18. Mutumin nan bai ƙirƙiro wata sabuwar magana ba. Abin da ya shekara yana karantawa a gaban jama'a, a ɗakin mara lafiya da bakin kabari, shi ya fito masa da aka matse shi.

Na biyu shi ne irin ikilisiyar da ta rene shi. EYN ta samo asali ne daga Ikilisiyar 'Yan'uwa da aka kafa a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus a 1708, wadda tsanani ya kora zuwa Amurka. Tun fil azal ikilisiya ce da ta ƙi yaƙi da ɗaukar fansa. Masu bishararta biyu, Stover Kulp da Albert Helser, su suka yi sujada ta farko a Garkida ranar 17 ga Maris 1923, a ƙarƙashin wata tsamiya. Shekara guda bayan haka Kulp ya binne matarsa Ruth a wannan ƙasa, kuma sunanta aka sa wa asibitin Garkida. Kenan tun daga harsashi an san cewa aikin yana da tsada. A wannan ikilisiya ana yi wa mutum baftisma ne ta hanyar nutsar da shi cikin ruwa har sau uku, ana kuma koya masa, kamar yadda Romawa sura 6 ta ce, cewa an binne shi tare da Almasihu. A lokacin Jibin Ubangiji, wato cin gurasar tunawa da mutuwar Yesu, suna wanke wa juna ƙafa, babba ya durƙusa a gaban ƙarami da kwano da tawul. Wanda ya yi shekaru yana wannan, ba abin mamaki ba ne a sa masa kyamara a gaba, a hannun masu shirin kashe shi, ya kasa samun zagi a bakinsa.

Na uku ba na littafi ba ne. Fasto a arewa maso gabas tun 2009 ya yi jana'iza fiye da yadda ya ɗaura aure. Ya tsaya a gaban gwauraye da marayu ya gaya musu cewa wanda suka rasa yana wurin Ubangiji. Duk wanda ya taɓa halartar jana'izar Kirista a wannan yanki ya san yadda take: 'yan zumuntar mata cikin zane iri ɗaya, ana kaɗa tulu da caki, ana waƙar zuwa gida, hawaye na zuba amma ƙafa na taka rawa. Mutumin da ya faɗa wa ɗaruruwan mutane wannan magana, ranar da ta zo kansa hanya biyu gare shi. Ko dai ya gano cewa baki kawai yake yi, ko kuma ya tarar da maganar ta riƙe shi. Ta riƙe shi.

Tambayoyin da bai kamata a tsallake ba

Wani zai ce, ai maganar da aka yi da bindiga a ka ba abin dogara ba ce. Gaskiya ne, kuma bai kamata a yi fushi da mai wannan tambaya ba. Zancen abinci da bargo, da cewa ba su cuce shi ba, kowa ya san masu riƙe da mutum na son a faɗi haka, roƙon gwamna kuma shi ne dalilin ɗaukar bidiyon tun farko. Amma a duba sauran. Wanda ke son a biya kuɗin fansa, kuka yake so iyali su yi, yana son hankalin jama'a ya tashi, a rasa barci, a sayar da gona. Fursunan da ya ce wa mutanensa kada ku damu, in ban dawo ba nufin Allah ne, ya rage wa kansa farashi a gaban masu sayar da shi. Babu mai garkuwar da zai rubuta wa wanda ya kama irin wannan. Wannan ɓangaren nasa ne, kuma ya san abin da zai iya jawo masa.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ciwo. Shin daidai ne a ce wa mace da 'ya'yanta kada su yi kuka? Na daɗe ina juya wannan a raina. Na ga yadda wasu masu wa'azi ke amfani da irin wannan magana su rufe wa masu makoki baki, har gwauruwa ta ji kamar hawayenta rashin bangaskiya ne. Wannan zalunci ne, kuma Littafi Mai Tsarki bai goyi bayansa ba. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Da aka jejjefe Istifanas, Ayyukan Manzanni sura 8 ta ce masu tsoron Allah sun binne shi sun yi masa makoki mai zafi. Bulus bai hana baƙin ciki ba, cewa ya yi kada a yi shi irin na waɗanda ba su da bege. Ni yadda na ji maganar Rabaran, ta uba ce da ya san iyalinsa za su kalli wannan bidiyo sau ɗari, yana so abin da zai rage musu a kunne ya zama muryarsa a kwance. Shi yana da ikon faɗin haka, domin kansa ne a kan gungume. Ni da nake zaune lafiya ba ni da ikon maimaita wa matarsa.

Akwai kuma abin da lamarin ke faɗa wa ikilisiyarmu ta yau, kuma ba mai daɗi ba ne. Wani irin wa'azi ya cika gari, har ya shigo majami'un Hausa, wanda ke koya wa mutane cewa mai bangaskiya ta ƙwarai harsashi ba ya kama shi, cuta ba ta kwantar da shi, kuma ambaton mutuwa ma kiran ta ne. Ana kwana ana ihu ana mayar da mutuwa ga wanda ya aiko ta. In an bi ma'aunin wannan koyarwa, Rabaran Andimi ya yi kuskure da ya ce in kuma ba haka ba, ya kamata ya yi ta shelar cewa lallai zai fita. Dubban mutane sun yi azumi da addu'a a kwanakin nan 18, kuma ba a sake shi ba. Wanda aka gina bangaskiyarsa a kan cewa Allah dole ya ba shi abin da ya roƙa, ranar 21 ga Janairu ƙasa ta tsage a ƙarƙashinsa. Shi mai lamarin kuwa ya riga ya ba da amsa tun ranar 5 ga wata. Ina ganin irin wannan ihun tsoro ne da ya sa rigar bangaskiya, kuma yana barin mutane tsirara ranar da likita ya girgiza kai. Yawancinmu ba a daji za mu mutu ba. A gadon asibiti ne, ko a kan hanya, ko a ɗaki da tsufa. Amma gaɓar nan guda ce za a nema a bakinmu.

Sai abu na ƙarshe, wanda nake faɗa da zafin rai. Jarumtar wanda aka kashe ba ta wanke waɗanda alhakin tsaronsa ke wuyansu. Yana da sauƙi a yabi bangaskiyar mamaci, a kira shi gwarzo, a wuce. Rabaran Andimi ɗan ƙasa ne da aka ɗauke daga hedikwatar ƙaramar hukuma, shekara biyar bayan an ce an ƙwato garin, aka riƙe shi kusan mako uku, ana waya ana ciniki, har aka kashe shi. Shi ya shirya wa mutuwa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Bai kamata a bar shi ya mutu ba, wannan kuma tsakaninmu da hukuma ne, kuma ɗaya ba ya soke ɗaya.

Bayan kisan

Watan ya yi wa Kiristocin arewa nauyi. Ranar 8 ga Janairu an sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kaduna, kuma ƙaraminsu, Michael Nnadi mai shekara 18, gawarsa aka samu. CAN ta kira azumi da addu'a na kwana uku, aka rufe da tattaki ranar Lahadi 2 ga Fabrairu a garuruwa da dama, inda Fasto Enoch Adeboye, shugaban ikilisiyar Redeemed, ya jagoranci na Legas. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi tir da kisan, ya kuma rubuta maƙala a mujallar Christianity Today ta Amurka yana yaba bangaskiyar Andimi, yana jan hankali cewa mafi yawan waɗanda Boko Haram ta kashe Musulmi ne, kuma burinta shi ne ta raba kan mabiya addinan biyu. Shugabannin Kirista da dama ba su gamsu ba, suna ganin kalamai sun yi yawa, aiki ya yi kaɗan.

Abin da ba a gani ba shi ne ramuwa. EYN ba ta kira kowa ya ɗauki makami ba, ba ta ɗora laifin a kan maƙwabtanta Musulmi ba. Bishop Mamza, wanda ya sha ɗacin wannan ciniki da bai yi nasara ba, shi ne a 2021 ya buɗe rukunin gidaje na 'yan gudun hijira a kusa da Yola, kuma ya gina wa Musulmin cikinsu masallaci kamar yadda ya gina wa Kirista majami'a.

Wata guda da kwana ɗaya bayan kisan Rabaran Andimi, ranar 21 ga Fabrairun 2020, mayaƙan suka shiga Garkida, garin tsamiyar nan, suka ƙone majami'u har da ta EYN. A lokacin matan zumunta na gundumar suna tsakiyar taronsu na shekara a wannan majami'a, kuma Allah ya sa babu wadda aka kashe a cikinsu. A watan Maris na 2023 ikilisiyar ta taru ta yi bikin cika shekara 100.